Inda ɓera ke samun tsufa a Kaduna

A arewacin kogin Kaduna ɓera iri biyu ne: akwai wanda ake kashe kuɗi don a halaka shi, akwai wanda ake kashe kuɗi don a raya shi. Na farkon kowa ya san shi. Shi ne mai huda buhun masara a kasuwar Bakin Dogo, mai sa 'yan tallar guba da tarko su yini suna kewaya Kasuwar Gumi da lasifika a kafaɗa. Na biyun fari ne fat, idonsa ja, bai taɓa taka ƙasa ba. A keji ake haifarsa, a rubuta nauyinsa a littafi, a sayar da shi ga ɗalibai da malaman kimiyya. Shi na je gani.

In ka baro hayaniyar Ahmadu Bello Way ka nausa gabas ta wajen Dandalin Murtala, ba ka yin nisa gari zai sauke murya. 'Yan Keke Napep sun ragu, katangu sun yi tsawo, mangwaro da darbejiya sun rufe titi da inuwa. Nan ce tsohuwar unguwar manyan ma'aikata ta Unguwar Rimi, inda wasu tituna ke ɗauke da sunayen tsofaffin birane. Ɗaya daga cikinsu Surame, birnin Kanta na Kabi, kuma a lamba 1 a kan wannan titi Cibiyar Binciken Cutar Sammore ta Nijeriya take. An kafa ta a 1947, tana yi wa ƙasashe huɗu da ke hannun Ingila aiki: Nijeriya, Saliyo, Gambiya da ƙasar da daga baya ta zama Gana. A 1964 ta koma ta Nijeriya ita kaɗai, tana kuma da reshe a Vom. Abokin gabarta ƙudan tsando ne, mai sa wa shanu sammore, ya sa wa mutane ciwon barci. 

To ina haɗin tsando da ɓera? Hanya mafi sauƙi ta riƙe ƙwayar cutar da rai ita ce a sa ta a jinin ɓera, in ta yi yawa a ɗiba a sa wa wani. Akwai ma wani irin ƙwayar da ake kira Federe, da sunan wani gari a Filato, wanda ya daɗe yana yawo daga ɓera zuwa ɓera a ɗakunan binciken ƙasar nan. Buɗe kundin digiri na ɗaliban kimiyyar magunguna a Zariya ko Kaduna, sau da yawa za ka tarar an rubuta cewa daga wannan cibiya aka samo ɓerayen ko ƙwayar. Farin ɓeran kuwa baƙo ne. Asalin gidansu Cibiyar Wistar ce a Filadelfiya ta Amurka, inda aka soma tace irinsu a 1906, shi ya sa har yau ake ce musu Wistar.

Ba cibiyoyin gwamnati kaɗai ke kiwon su ba. Makarantu sun yawaita a wannan ɓangare na gari: ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ga Kwalejin Horas da Hafsoshin Soja, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha, kowacce da ɗalibanta masu aikin kammala karatu. Inda buƙata ta samu, sana'a na biyo ta. Wani malami ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da dabbobin gwaji kafin ya yi ritaya, yanzu kuma yana kiwon nasa a bayan gidansa, can tsakanin Unguwar Rimi da Malali. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka na bi.

Hancinka ne zai fara shiga ɗakin kafin ƙafarka. Warin fitsari mai hawa ka, gauraye da ƙamshin garin katako da na abincin kaji. Ɗaki ne ɗaya mai rufin kwano da silin, tagogi biyu an buga musu raga, fanka ɗaya a sama. Kejin ba irin na cikin littafi ba ne: manyan robobi ne masu zurfi, an yi musu murfin waya a kasuwar Panteka, an soke kwalbar ruwa mai bakin ƙarfe ta saman kowane. A kusurwa ga teburi, ga ɗan sikeli irin na masu sayar da kayan kek, ga wani littafi mai baƙin bango da gefensa ya yi laushi don yawan buɗewa. Kantoci uku ne a jikin bango, kuma Baba bai jera su da ka ba. Ta ƙasa uwaye da jarirai, ta tsakiya 'yan sayarwa, ta sama tsofaffi. Wanda ya ɗaga ido daga ƙasa zuwa sama ya ga rayuwar ɓera gaba ɗayanta a bango guda.

Ya durƙusa ya jawo roba ɗaya, ya ture uwar gefe da bayan hannu. A ƙarƙashinta jarirai ne jajaye, ba gashi, ido a rufe, sun cure wuri ɗaya suna motsi. Ya ɗauko ɗaya ya kifa shi a tafin hannu ya ce, "Malam, dubi nan." Fatar cikin ta yi siririn da har kana hango wani farin tabo a gefen hagu. "Nono ne. In ban ga wannan farin ba, uwar ba ta shayarwa." Sikeli ya nuna giram 6.

Jaririn ɓera kusan ba shi da kitse, bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na jikinsa ba, alhali jaririn mutum kan zo duniya da kusan kashi 14. Ɗan abin da yake da shi mai daraja shi ne wani kitse mai launin ƙasa-ƙasa a tsakanin kafaɗunsa, wanda ba na ajiya ba ne, na ƙonawa ne don ɗumama jiki. Sauran ɗumin kuwa daga jikin 'yan'uwa da na uwa yake samu, shi ya sa suke curewa. A wannan mataki ɓera ba ya ƙoshi don ransa. Iyakar cinsa iyakar nonon da ya samu. Uwa na da kan nono 12, haihuwa kuwa takan kai 14 ko ta tsaya a 5. Baba yana da dabararsa: ya ɗebi na mai yawa, ya murza su a garin katakon kejin mai kaɗan don su ɗauki warin gidan, ya cusa su cikin 'ya'yanta. "In ban raba ba," in ji shi, "ranar yaye sai ka rantse ba rana ɗaya aka haife su ba."

Abin da dattijon ya gano da ido shi ne abin da Elsie Widdowson da Robert McCance suka auna a Kambirij ta Ingila suka buga a 1960. Sun ba wasu uwaye 'ya'ya uku-uku, wasu kuma 15 zuwa 20. Ranar yaye 'yan gidan uku sun ninka 'yan gidan yawa nauyi, wani lokaci fiye da ninki. Abin mamakin yana gaba: bayan yaye an sakar wa kowa abinci yadda yake so, amma 'yan gidan yawa ba su taɓa kamo 'yan'uwansu ba har suka tsufa. A 1968 Jerome Knittle da Jules Hirsch na Jami'ar Rockefeller suka ƙirga ƙwayoyin kitsen irin waɗannan ɓeraye, suka tarar waɗanda suka sha nono suka ƙoshi sun fi yawan ƙwayoyin, kuma nasu sun fi girma. Mako ukun farko ke nan suna da babban tasiri a kan abin da ɓera zai iya tarawa har ƙarshen ransa. Uwar ita ma tana nata lissafin. Tana tara kitse lokacin ciki, kwana 21 zuwa 23, ta ƙarar da shi a shayarwa, duk da cewa a lokacin takan ci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Na ga wata ta miƙe a kan ƙafafun baya tana gaigayar abinci ta cikin waya, 'ya'ya uku na reto a cikinta ba su saki ba.

Kantar tsakiya ita ce mai hayaniya. Da ka matso sai su taso gaba ɗaya, hanci na rawa, suna hawa kan juna. Ana yaye su a kwana 21, nauyi giram 40 zuwa 50, daga nan kuma sai gudu: namiji mai samun abinci mai kyau yakan ƙara giram 5 ko 6 kullum a makonnin da ya fi saurin girma. Ɗan yaye na cin kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsa a rana, babba kuwa kashi 5 ya ishe shi. Duk da wannan ci ba ka ganin teɓa a jikinsu. Baba ya miƙo mini ɗaya, na riƙe shi ta gindin wutsiya na ɗora a hannu. Jikin a murɗe yake, tsoka ce da ƙashi, zuciya na bugawa da saurin da yatsa ba ya iya bi. Ɗan ɓera mai gini ne: duk abin da ya shigo hannu bulo da siminti yake zama, sai ginin ya kai rufi sannan rara ta fara shiga asusu.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan juyi shi ne Gordon Kennedy, shi ma a Kambirij. Tun 1940 Hetherington da Ranson sun nuna a Shikago cewa in aka lalata wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwar babban ɓera, sai ya yi ta ƙiba har ya zama tulu, daga baya kuma aka gano ci ne yake yi ba ƙaƙƙautawa. Kennedy ya yi wa ƙananan ɓeraye irin wannan aiki, sai ya ga cinsu bai wani ƙaru nan take ba, domin dama can suna ci iyakar abin da ciki zai ɗauka. Wato birkin da ke hana ci ba a haifar ɓera da shi a ɗaure ba, sannu a hankali yake kamawa yayin da girma ke lafawa. Wannan ya buga a 1957. Kafin nan, a 1953, ya kawo ra'ayin da ya sa ake tunawa da shi: cewa kitsen jiki yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo ta cikin jini game da yawansa, ita kuma ta daidaita ci da shi. Shekara 41 aka yi kafin a kama ɗan saƙon. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano sinadarin a jikin ƙaramin ɓeran gwaji, aka sa masa suna leptin.

Ɓera matashi gwanin lissafi ne, kuma masu kiwo a Kaduna sun ga haka ba da son ransu ba. Abincin kaji 'yan tasowa ake ba su, shi ne mai sauƙin samu. Da masara ta yi tsada bayan cire tallafin mai a 2023, Baba ya ce ya gwada haɗa musu da dusa don buhu ya daɗe. "Wayo na yi, suka fi ni. Na zuba da yamma, kafin asuba sun share, kashi ya cika keji. Buhun bai ƙara ko kwana ɗaya ba." Edward Adolph ya yi wannan gwaji a Rochester tun 1947: ya cakuɗa abincin ɓera da abin da ba ya narkewa, ɓeran ya ƙara yawan ci daidai yadda kuzarin da yake samu ba zai ragu ba. Ba cika ciki yake nema ba, abin ƙonawa yake ƙirgawa. Sai dai dabarar na da iyaka. In haɗin ya yi yawa ciki ba ya ɗauka, girma ya tsaya.

Muna cikin wannan sai ga wata ɗaliba ta yi sallama, hijabi har ƙasa, takarda a hannu, ƙaninta na biye da kwali mai huji-huji.

"Baba, ina wuni. Guda 30 nake so, maza, masu giram 150 zuwa 180."

"Lafiya lau, 'yata. 'Yan wata nawa?"

Ta duba takardar, ta juya bayanta. "Nauyi kawai aka rubuta mini, Baba."

Bai ce komai ba. Ya jawo robobi biyu, ya ɗauko ɗaya daga kowacce ya ɗora a sikeli bi da bi. Nauyinsu kusan ɗaya. Sannan ya buɗe baƙin littafin ya nuna mata: na farko ɗan mako bakwai ne daga haihuwar 'ya'ya shida, na biyu ya haura wata uku, uwarsa ta haifi da yawa kuma ya taso a lokacin dusa. "Wannan yaro ne, gobe ma zai ƙara. Wannan ya gama abin da zai yi. In kin haɗa su kika ba su maganinki, wanda ya ƙara nauyi za ki ce magani ne." Ta yi shiru, sannan ta ce a ba ta 'yan kwana ɗaya ko da nauyin bai zo daidai ba, ta kuma roƙi ya bar ta ta ɗauki hoton shafin da waya.

A ganina wannan ɗan zance ya fi lacca guda. Sayen ɓera da nauyi kawai al'ada ce da ta zauna a rubuce-rubucen bincikenmu, kuma tana ɓata sakamako ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Gwaje-gwajen da ɗalibanmu suka fi yi, na ganyen zogale ne, ko shuwaka, ko ɓawon wani icce, a ga ko yana rage sukari ko kitsen jini ko ƙiba. Duk waɗannan abubuwa ne da shekaru ke juyawa da kansu. Ɓeran da ke tsakiyar girma da wanda ya gama, ko sikeli ya ce ɗaya suke, abincin da suka ci ba wuri ɗaya yake zuwa ba.

Ga kuma yanayi, wanda littattafan waje ba su yi da mu ba. A can ana ajiye ɓera a ɗaki mai digiri 22 ko kusa da haka, rani da damina. A Kaduna daren hunturu na Disamba da Janairu yakan sauko ƙasa da digiri 15, ranar Maris da Afrilu kuwa ta haura 35, ga rufin kwano, ga wuta mai zuwa da tafiya. Ɓera ba ya gumi. Ta wutsiya yake fitar da zafi, in abin ya tsananta ya shafe jikinsa da yawu. John Brobeck na Jami'ar Yale ya nuna tun 1948 cewa ɓera na ƙara ci a sanyi, ya rage a zafi, domin narkar da abinci kansa zafi yake haifarwa. Littafin Baba ya yarda da shi: buhu na saurin ƙarewa da hunturu, da bazara kuwa sai su baje a kan ciki, su ƙi abinci, haihuwa ma ta ja baya. Ɗalibin da ya yi gwajinsa a Janairu da wanda ya yi a Afrilu, ko a ɗaki ɗaya suka yi, ba ɓera ɗaya suka auna ba.

Kantar sama sai da Baba ya taka benci. Nan ba mai tasowa ya tarye ka. Tsofaffin mazan da suka gama barbara ne da matan da suka daina haihuwa, waɗanda ya kasa rabuwa da su. Ya sauko da wani namiji da hannu biyu. Farin gashin ya koma ruwan ɗorawa, ya yi kaushi, wutsiya ta yi ɓawo, ciki ya baje ta gefe biyu har ƙafafun baya sun buɗe. Da aka ɗora shi a sikeli sai da aka sa shi cikin kwano, ya haura rabin kilo. Shekararsa ɗaya da rabi. Bai yi yunƙurin gudu ba, ya dai ɗaga kai ya shinshini iska ya mayar.

"Ka ga wannan? Ba ya fin na ƙasa ci. Abin da nake zuba wa ɗan wata biyu shi nake zuba masa, wani lokaci ma ya rage."

Nan ne gaɓar maganar. Tsohon ɓera ba haɗama ce ta kama shi ba. Cinsa na nan wajen giram 20 zuwa 25 a rana, amma ƙofofin da abincin ke fita ta cikinsu sun rurrufe. Girman tsoka da ƙashi ya lafa. Guje-gujen dare ya ragu. Matashin ɓera in an sa masa abin juyawa a keji yakan yi kilomitoci a dare ɗaya, tsoho kuwa ɗan kaɗan. Kitsen nan mai ɗumama jiki shi ma ya yi sanyi. Rarar da ke saura kullum ba ta da yawa, wataƙila ba ta kai a gani a sikeli ba, amma giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, kuma kwanaki na da yawa. Inda yake taruwa ma ya canza: ba ƙarƙashin fata kaɗai ba, har cikin ciki, kewayen ƙoda da hanji da saman maraina. Leptin na nan a jininsa, ya ma fi na matashi yawa, sai dai ƙwaƙwalwa ta daina jin kiran sosai. Insulin, mai sauke sukarin jini, shi ma sai an ƙara yawansa kafin ya yi aikin da ɗan kaɗan ke yi a da.

Labarin bai ƙare a ƙiba ba. A robar ƙarshe akwai wata tsohuwa da ta haura shekara biyu, ƙashin bayanta a fili, ga wani ƙullutu a gefen nono. Edward Masoro da abokan aikinsa a San Antoniyo ta Amurka sun bi ɓeraye tun ƙuruciya har mutuwa, suka buga a 1980 cewa kitse na hawa har wajen kashi biyu cikin uku na rayuwa, daga nan ya juyo ƙasa. Ramar tsufa ke nan, kuma a wurin mai kiwo ita ce alamar an kusa.

Ko ana iya ja da wannan hanya? Clive McCay na Jami'ar Cornell ya ba da amsa a 1935, amsar da har yau ake tauna ta. Ya rage wa wasu ɓeraye yawan abinci ba tare da hana su sinadaran gina jiki ba. Mazan da aka rage wa sun haura kwana 800 a matsakaici, masu ci yadda suka ga dama ba su kai 500 ba. A 2008 ɗakin binciken Nir Barzilai a New York ya gwada wata hanya: aka yi wa ɓeraye tiyata aka cire kitsen ciki kaɗai, aka bar su suna ci yadda suke so. Sun fi 'yan'uwansu daɗewa, ko da yake ba su kai waɗanda aka rage wa abinci ba. Amma kada a yi saurin cewa kitse abokin gaba ne kawai. A binciken Masoro ɗin nan, cikin ɓerayen da aka rage wa abinci, waɗanda suka fi riƙe kitsensu su suka fi daɗewa.

Akwai wata roba a gefe da ba ta cikin jerin. Ɓera ɗaya ne a ciki, na jikokin Baba, sun hana a sayar. Ƙuli-ƙuli yake ci da gutsuren burodi da biskit da duk abin da ya rage a hannun yara, kuma bai kai shekara ba ya kamo tsohon kantar sama. Gwanin lissafin nan da dusa ba ta ruɗe shi ba, daɗi ya ruɗe shi. Anthony Sclafani ya nuna haka a New York a 1976, da ya jera wa ɓeraye kayan kanti irin su cakulan da cuku da madarar gwangwani mai zaƙi: cikin wata biyu suka ƙara fiye da ninki biyu na abin da 'yan'uwansu suka ƙara. Na faɗa wa Baba, ya yi dariya ya ce, "To ai dama an ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Da wuya mutum ya tsaya gaban kantar sama bai tuna da masu tumbin da ke zagaya Dandalin Murtala da sassafe cikin kayan motsa jiki ba, ko layin masu ciwon sukari da hawan jini a asibitocin gari. Kamar akwai, amma a bi ta da hankali. Wani babban bincike da Herman Pontzer ya jagoranta, aka buga a 2021, ya auna mutum sama da 6,400 a ƙasashe 29, daga ɗan kwana 8 zuwa ɗan shekara 95. Ya tarar in aka yi la'akari da girman jiki, yadda mutum ke ƙona kuzari ba ya wani canzawa tsakanin shekara 20 da 60. Mai shekara 45 da ke ɗora wa shekaru laifin tumbinsa sai ya nemi wani dalilin, a faranti ko a kujerar mota. Kuma ɓeran keji ba shi ne ɓera ba gaba ɗaya. Ɗan'uwansa na kasuwa da wuya ya cika shekara. Kyanwa da guba da yunwa ba sa barinsa ya ga tsufa, balle ya tara teɓa. Ƙibar tsufa sai inda abinci ba ya yankewa kuma ba abin gudu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda maganar kitse ta koma kan sammore. Duk Bafulatani ya san saniyar da ta kamu: tana kiwo tana ramewa, har ƙashin haƙarƙari ya fito. Irin wannan rama da Anthony Cerami ya gani a shanun Kenya ita ta sa shi neman dalili, har a 1985 shi da Bruce Beutler suka nuna cewa wani sinadari ne da garkuwar jiki ke fitarwa, wanda ake kira TNF, yake hana jiki ajiye kitse. A 2016 kuma ɗakin binciken Luísa Figueiredo a Lisbon ya gano cewa ƙwayar cutar ba a jini kaɗai take zaune ba: tana shiga cikin kitse ta yi sansani, a ƙananan ɓerayen gwaji har ta fi ta jini yawa nesa ba kusa ba. In haka ne, yawan kitsen dabba da shekarunta ba ƙaramin abu ba ne ga mai gwada maganin sammore. Ga tambaya a ƙofar gida, a garin da ya fi shekara 70 yana fama da wannan ƙwaya, ga kuma ɓerayen.

Sai dai tsohon ɓera ba ya da mai saye. Ɗalibi na da zango ɗaya ya gama aikinsa, gwajin kansa kwana 21 ne ko 28, kuɗin kuma daga aljihun iyaye yake fitowa. Kusan duk abin da ake aunawa a kan ciwon sukari da ƙiba, cututtukan da suka fi kama manya, a jikin ɓeraye 'yan wata biyu zuwa uku ake auna shi. Na tambayi Baba ko an taɓa zuwa neman na kantar sama. Ya ce sau ɗaya wani malami ya tambaya, da ya ji lissafin bai dawo ba. Ya jawo littafin ya juya bayansa, ya yi mini lissafin da fensir: giram 20 a rana, shekara biyu, kusan kilo 15 ke nan ga ɓera ɗaya. Guda 30 kilo 450, buhu 18 na mai kilo 25. Ban da garin katako, ban da waɗanda za su mutu a hanya a sake lissafi, ban da wanda zai zo kullum har ranar Sallah ya canza ruwa.

Ya rufe littafin, ya hau benci ya mayar da tsohon wurinsa, ya gyara bakin kwalbar yadda zai kai ba sai ya miƙe ba.

"Wuri dai akwai, Malam," ya ce daga sama. "Duk wanda ya kawo buhu 18, na ba shi kantar nan gaba ɗaya."